Wa ya tsaya wa cinikin?

Tambaya ɗaya ce cikin tsofaffin tambayoyin jarrabawa ta tsayar da ni cak, a wani dare na hunturu, ina zaune a ɗan ofishinmu da ke jikin sito a nan Daura, buhunan riɗi jibge har kusa da rufi. Ni ke riƙe da littafin lissafin wata ƙungiya ta 'yan kasuwar hatsi da riɗi, kuma a lokacin ina shirin jarrabawar ƙwararru ta dillalan hannun jari, karatun da sai an tashi daga aiki nake samun sukunin yi. Tambayar ita ce: idan mutum ya sayi takardar zaɓi, wato damar saye ko sayarwa a kan farashin da aka yanke, a kan hannun jarin wani kamfani a kasuwar Amurka, wa ya fitar da takardar? Ban ko tsaya tunani ba na ce kamfanin, ai hannun jarinsa ne. Da na duba amsa sai na ga na faɗi. Kamfanin ba ruwansa, ko sisi ba ya shiga aljihunsa. Mai fitar da takardar wani gida ne a birnin Shikago mai suna Options Clearing Corporation, OCC a taƙaice, kuma shi ne kuma mai tsaya mata.

Abin da ya sa wannan amsa ta hana ni barci, akwai miki a jikina. Kaka ɗaya kafin nan mun ƙulla ciniki da wani babban mai saye da ke kai kaya Dawanau: riɗi buhu 400, an yanke farashi tun ba a gama girbi ba, zai ɗauka bayan mako shida. An kira shaidu, an sa hannu, ni na rubuta takardar da hannuna. Wani dattijo da kowa ke ganin girmansa ya ce shi ya tsaya. Muka ci bashi muka tara kaya. Kafin wa'adi ya cika farashi ya karye, daga nan wayar mutumin ta daina shiga. Dattijon ya yi iya yinsa, ya yi sawu ya fi a ƙirga, amma tsayawarsa ta mutunci ce, ba shi da abin da zai biya buhu 400. Muka sayar da asara. Mutum biyu a cikinmu ba su sake komawa sana'ar ba, ɗayan ma sai da ya sayar da filin da ya tanada don gina wa iyalinsa. Har yau idan muka haɗu a masallacin Juma'a nauyinsa nake ji, domin rubutuna ne a kan takardar.

Ita takardar zaɓi dama ce ake saye. Ka biya ɗan wani abu yau, a ba ka damar sayen hannun jari a kan sanannen farashi kafin wata sananniyar rana, ko kuma damar sayarwa. In ka ga da riba ka yi amfani da damarka, in babu ka ƙyale ta ta mutu, abin da ka biya shi ke nan ya tafi. Ta yi kama da kafin alƙalami, sai dai shi kafin alƙalami yana shiga cikin kuɗin kaya, wannan kuwa ba ya shiga, kuma ita kanta damar ana iya sayar da ita ga wani. A Amurka takarda ɗaya hannun jari 100 take ɗauka. A ce hannun jari yana dala 50, ka sayi damar saye a kan dala 55, ka biya dala 2 a kan kowane ɗaya, dala 200 ke nan. Idan ya hau zuwa dala 70, wanda ya sayar maka da damar dole ya ba ka a 55, wato giɓin dala 1,500 ya hau kansa, alhali 200 kawai ya karɓa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To, in ya ce ba zai yi ba fa? Kai ba ka san shi ba, ba ka taɓa jin ko sunansa ba.

Kafin 1973 su ma can irin tamu suke yi. Wasu 'yan dillalai ne ke haɗa mai saye da mai sayarwa ta wayar tarho, kowace takarda da nata sharuɗɗan, in kana son fita kafin wa'adi sai ka sha wuya kafin ka sami mai karɓa. Ranar 26 ga Afrilu 1973 kasuwar takardun zaɓi mai suna CBOE ta buɗe a Shikago da zaɓin saye a kan hannun jarin kamfanoni 16, aka yi cinikin takarda 911 a ranar farko. Zaɓin sayarwa bai shigo ba sai 1977. Abu biyu suka zo da shi. Na farko, an mayar da takardun mudu ɗaya: adadi ɗaya, ranakun wa'adi sanannu, farashi a jere. Na biyu, an kafa gidan da zai shiga tsakiyar kowane ciniki, wanda daga 1975 ya zama na dukkan kasuwannin zaɓin hannun jari na ƙasar. A 2022 kaɗai takardun da suka bi ta hannunsa sun haura biliyan 10. Ni gidan lamuni nake kiransa, don lamunin shi ne aikinsa.

Yadda yake shiga tsakiyar shi ne abin da na fi daɗewa ina juyawa. Da zarar an sallama a kasuwa kuma gidan ya karɓi cinikin, alaƙar da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa ta yanke. Ciniki ɗaya ya zama biyu: gidan ya zama shi ya sayar wa mai saye, shi kuma ya saya daga mai sayarwa. Saboda haka ne ake cewa shi ya fitar da takardar. Ba wasu takardu ne ya buga ya ajiye a sito yana sayarwa ba. Duk lokacin da sabon mai saye ya haɗu da sabon mai sayarwa an haifi takarda, duk lokacin da suka rufe ta mutu. Wanda ya sayar jiya yana son fita yau ba ya bukatar neman abokin cinikinsa na jiya, sai kawai ya sayi irinta daga hannun kowa, gidan ya soke wannan da waccan a littafinsa. Littafin nasa kuwa kullum a daidaice yake, kowane saye da sayarwar da ke fuskantarsa, don haka hawan farashi ko saukarsa ba su taɓa shi. Abu ɗaya ke taɓa shi: wani ya kasa biya.

Kawuna ya fi shekara talatin yana dillancin shanu a karar Mai'aduwa. Na je gaishe shi wata rana bayan la'asar, na same shi a ƙofar gida a kan tabarma yana tufkar igiya, ƙafarsa ɗaya ta danne bakinta. Ya tambaye ni karatu, na zayyana masa wannan. Bai ɗago ba sai da na kai aya.

"To ai fatoma ke nan, ɗana," in ji shi. "Bafulatani ya koro shanu daga Nijar, bai san mahaucin Kudu ba, ni ya sani. Mahauci ya ɗauka bashi, ni na lamunta. In bai kawo kuɗi ba ni ake riƙe wa riga."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta, sannan ya dube ni. "Shekarar da mutum uku suka gudu mini a wata ɗaya, bijimaina na noma na sayar na biya. Shi wannan gidan naku, in goma suka gudu rana ɗaya, da me zai biya?"

A ranar ban ba shi amsa mai gamsarwa ba. Sai da na koma na sake bin babin a hankali na gane cewa duk ginin a kan tambayar Kawu aka ɗora shi.

Da farko dai gidan ba ya hulɗa da kowa da kowa. Mambobinsa manyan kamfanonin dillanci ne, ɗari da 'yan kai, waɗanda sai an duba jarinsu da tsarin aikinsu kafin a karɓe su, kuma ana ci gaba da dubawa. Kai ƙaramin mai ciniki dillalinka ka sani, dillalinka ya san mamba, mamba ya san gidan. Kowa yana riƙe da wuyan rigar na ƙasa da shi.

Sai jingina. Mai sayen zaɓi ya biya kuɗinsa gaba ɗaya, ya gama nasa. Mai sayarwa shi ne mai alkawari a wuya, don haka shi ke ajiye jingina: tsabar kuɗi, ko takardun bashin gwamnati, ko ma ainihin hannun jarin da ya yi alkawarin bayarwa. Abin da ya girgiza ni, ba sau ɗaya ake karɓa a rufe littafi ba. Kowace rana ake sake awo. Tun 2006 gidan na Shikago yana amfani da wani tsari mai suna STANS, inda kwamfuta ke gwada dubban yanayin da kasuwa za ta iya shiga cikin kwana biyu, ta fitar da irin asarar da kowane mamba zai iya tafkawa idan abu ya ɓaci. Wanda jinginarsa ta gaza, da safe zai cika. In kasuwa ta rikice da rana tsaka, a ranar za a kira shi. In ya kasa, a dakatar da shi, a yi gwanjon cinikinsa ga sauran mambobi tun ramin bai yi zurfi ba.

Da na karanta wannan sai na ajiye littafin na jawo namu na waccan kakar. Farashin riɗi ba rana ɗaya ya karye ba. Mako na biyu ya ɗan sauka, na uku ya ƙara, duk ga shi da rubutuna. Da a mako na biyu muka ce wa mutumin ya kawo cikon abin da ya sauka, da ko dai ya kawo, ko ya nuna halinsa tun asarar ba ta fi ƙarfinmu ba. Muka yi shiru saboda kunya, muna cewa ai Alhaji ne, ai dattijo ya tsaya, har mako shida suka cika. Mu ranar tafiya muka tashi fafe gora.

Idan jinginar wanda ya faɗi ba ta isa ba, akwai matakai a jere, an rubuta su tun kafin a shiga rigima. Bayan jinginarsa sai a cinye kason da ya zuba a asusun ko-ta-kwana, wanda kowane mamba ke zubawa gwargwadon haɗarin da yake kawowa. Sai gidan ya sa wani abu daga aljihunsa. Sai a taɓa kason sauran mambobin da ba su ci ba ba su sha ba, in ma bai isa ba a ce su ƙaro. Ƙa'idojin duniya da aka fitar a 2012 sun nemi manyan gidaje irin wannan su tanadi abin da zai ɗauki faɗuwar mambobinsu biyu mafi girma a lokacin da kasuwa ta fi muni. Wannan jeri ya burge ni ƙwarai, musamman wurin da gidan ke sa nasa kafin ya taɓa na wasu. Uwar adashin da ta san in wata ta ci ta gudu daga ɗaurin zanenta za a fara cikawa, ba ta ɗaukar kowa da kowa. Su ma sauran 'yan adashin, tun da sun san abin zai iya zagayowa kansu, ido suke sawa a kan wadda aka shigo da ita.

Akwai wani ɗan abu da ban zata ba. Idan mai zaɓi ya ce zai yi amfani da damarsa, tun da an yanke alaƙarsa da wanda ya sayar masa, wa za a kama? Ƙuri'a ake yi. Gidan ya zaɓi mamba ɗaya cikin masu irin wannan alkawari, shi kuma mamban ya zaɓa cikin mutanensa, ko ta ƙuri'a ko ta wanda ya riga shiga. Ba sani ba sabo.

Kuskure na biyu da na yi a karatun, na ɗauka lamunin yana nufin mai ciniki ba zai yi asara ba. Ko kusa. In ka sayi zaɓi farashi ya juya maka baya, kuɗinka ya tafi, gidan ba zai ba ka ko ƙwandala ba. Abin da ya lamunta shi ne cika alkawari, kuma tsakaninsa da mambobinsa ne. Abin da ke tsakaninka da dillalinka wasu dokoki ne dabam ke kula da shi.

Kuma shi ma gidan yana iya durƙushewa, wannan bai kamata a ɓoye ba. Na kasuwar sukari a Faris ya faɗi a 1974. Na kasuwar manja a Kuala Lumpur ya faɗi a 1983. A Oktoban 1987, bayan kasuwar Amurka ta zube da kashi 22.6 cikin ɗari a rana ɗaya, an rufe kasuwar Hong Kong kwana huɗu, kuma sai da gwamnati da bankuna suka haɗa kuɗi suka ceto gidan lamuninta. Waɗannan duk a cinikin alkawarin gaba ne, wato a yanke farashi yau a cika ciniki gaba, ba zaɓi ba, amma ginin iri ɗaya ne. Akwai kuma na Satumban 2018, lokacin da mutum ɗaya tak, wani ɗan kasuwar wutar lantarki a Norwe, ya kasa cika jinginarsa a gidan Nasdaq Clearing, asarar ta ratsa duk abin da ya ajiye ta ci fiye da yuro miliyan 100 daga asusun sauran mambobi. A ɗaya gefen kuma, da bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumban 2008, gidan lamuni na LCH da ke Landan ya rufe cinikin bankin na tiriliyoyin dala ba tare da ya wuce jinginar da bankin ya ajiye ba. A ganina bambancin bai wuce abu biyu ba: ko an karɓi abin da ya isa, ko kuma an bar mutum ɗaya ya tara kayan da ya fi ƙarfin kasuwa. Tara haɗarin kowa wuri ɗaya yana da nasa haɗarin, shi ya sa a 2012 hukumomin Amurka suka sa OCC cikin jerin cibiyoyin da faɗuwarsu za ta iya jijjiga tattalin arzikin ƙasar, suka tsaurara sa ido a kansa.

Mu ma a Najeriya an fara. Kamfanin CSCS tun 1997 yake ajiye hannayen jari da daidaita cinikinsu a Legas. Sai daga baya aka sami gidajen lamuni na sosai, FMDQ Clear da NG Clearing, kuma a Afrilun 2022 kasuwar hannun jari ta NGX ta fara cinikin alkawarin gaba a kan ma'aunai guda biyu na farashin hannayen jarinta. Duk wannan a Legas ne, a kan takardu. Riɗi da waken suya da masarar da muke kwana a kansu, yawancin cinikinsu har gobe a kan baki da shaidu yake tafiya.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don na san mai karatu zai tambaya. Ni ban taɓa sayen takardar zaɓi ba, ba ni kuma da niyya. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992 ta ce wannan ciniki bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙin da za a karɓi kuɗi a kansa ba ne. Ko kafin alƙalamin da ba a mayarwa in ciniki ya fasa, mu a mazhabar Malikiyya an hana shi, Hambalawa ne suka halatta, ita ma majalisar ta halatta shi da sharaɗi a 1993. To amma hukuncin takardar dabam, dabarar riƙe alkawari dabam. Jingina da lamuni namu ne tun fil azal, suna cikin littattafan da muka karanta a zaure. Abin da muka bari ya suɓuce mana shi ne lissafinsu.

Da wannan na je wa shugabannin ƙungiyarmu. Na ce duk cinikin da za a yanke farashi yau a ɗauki kaya gaba, kowane ɓangare ya ajiye kashi goma cikin ɗari a asusun banki da ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Duk mako a duba farashi, wanda kasuwa ta juya wa baya ya ƙaro. Na kai wa malaminmu ya duba, ya gyara abu biyu. Ya ce kada a rubuta shi a matsayin cinikin da aka gama, don kada ya zama bashi da bashi, a rubuta alkawari ne, a ƙulla cinikin ranar ɗaukar kaya. Kuma kuɗin amana ne na mai shi, wanda ya saɓa a cire ainihin asarar da ya jawo kawai a mayar masa da saura. Ya ce bankunan Musulunci ma suna karɓar irin wannan ajiya. Na kuma nemi ƙungiya ta ware wani abu daga la'adarta a matsayin nata ko-ta-kwana, aka yi ta ja-in-ja kafin a yarda da rabin abin da na nema.

Mai saye na farko da na gabatar wa tsarin wani Alhaji ne da ya san mahaifina. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Ni za ka ce in kawo jingina, yaro? Shekara nawa ina ciniki a garin nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba don an raina ka ba ne. Mu ma za mu ajiye daidai abin da za ka ajiye, kuma in riɗi ya hau mu za mu ƙaro, ba kai ba."

Ya yi shiru, ya mayar da tabarau, ya ce Allah ya ba da kasuwa, ya tashi. Abin ya yi mini ciwo, don ina girmama shi, kuma ba ni da wata shaida cewa zai saɓa. Wasu a ƙungiya suka ce na kore mana ciniki da boko.

Bayan kwana tara wani ya zo daga Kano, ya karanta takardar sau biyu, ya tambayi wa da wa ke sa hannu a asusun, ya yarda. Buhu 250, mako biyar. Mako na farko da na biyu farashi bai motsa sosai ba. A na uku ya tashi, ya zamana mu ne za mu ƙaro. A taron daren nan wani ya fito fili ya ce mu fasa mu sayar a kasuwa, ai ribar ta fi. Ma'aji ya buɗe littafi ya karanta masa abin da za a cire daga ajiyarmu in mun fasa, lamba bayan lamba, wurin ya yi tsit. Da safe ni na hau babur na kai cikon banki, na ɗauki hoton rasit na tura wa mutumin Kano kafin azahar.

Ranar da wa'adi ya cika motarsa ta iso da hantsi, 'yan dako suka loda, muka ƙirga tare buhu bayan buhu. Da yamma na biya ta wurin Kawu na ba shi labari. Ya tambaye ni nawa ƙungiya ta sa nata a asusun, na faɗa masa. Ya ce ya yi kaɗan, in koma in ce su ƙara kafin kaka mai zuwa.